Baba Shozo a Bayan Tutar 'Yarsa

Duk wanda ya zauna a garin Wakkanai ya san Baba Shozo. Shi ne tsohon nan mai ɗinkin koma a bakin tashar jiragen ruwa, hularsa ɗaure da igiya a haɓa, don iskar garinmu ba ta san girman kowa ba. A jirgin kamun kifi ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Teku ta cinye masa gwiwoyi da kunne ɗaya, ta bar masa taurin kai. Magana kuwa matarsa Fumie ce ke yi musu su biyu, shi nasa gyaɗa kai. Da ta rasu a hunturun bara, gidan ya yi tsit.

'Yarsu tilo, Chizuru, tana aiki a wani ƙaton jirgin ruwa na masu yawon buɗe ido. Rasuwar ta same ta can wata uwa duniya, ba ta samu jana'iza ba. A wurinmu kuwa, wanda ya yi nesa sai ya zo gida ya durƙusa gaban akwatin da ke ɗauke da hoton mamaci, ya kunna turare, ya buga 'yar ƙararrawa, ya ce ya dawo. Chizuru ba ta yi ba tukuna. Abin da ke cin tsoho ke nan, ko da yake in ka tambaye shi zai ce gwiwa ce.

Ana nan sai labari ya zo cewa jirginsu zai tsaya a garin daga hantsi zuwa la'asar. Tsoho ya share gida, ya dafa miyar kifi da dankali irin ta marigayiya, ya zura kwat ɗin da ya yi masa yawa. Tomi, maƙwabciyarsa mai gasa kifi, ta ce ta ɗauka neman aurenta ya fito, har ta fara gyaran gashi.

Chizuru ta sauko da 'yar tuta a hannu, baƙi na biye da ita kamar 'yan tsaki, don aikinta ne ta zaga da su gari a ƙafa. Ta hango ubanta, ta rusuna masa. Shi ma ya rusuna. Mutum yana bakin aiki, da baƙi a hannunsa, ba a kawo masa zancen gida. Shi da kansa ya koya mata haka tun tana ƙarama, kuma ga shi ta koya da kyau.

To, sai ya bi tuta. Suka shiga kasuwa, ya shiga. Ta tsaya tana yi wa baƙi bayanin busasshen ganyen teku da harshen da bai ji, ya tsaya a baya yana gyaɗa kai. Wani baƙo ya ɗauka cikin abin kallon yake, ya rungumo shi aka ɗauke su hoto.

"Kai tsoho, buɗe baki ka ce ta zo gida mana," in ji Tomi da suka gifta ta rumfarta.

"Ba a haka."

"Ashe. To bi a hankali, kada a ƙirga da kai a loda ka a jirgi."

A gindin tudu, daidai kan lungunsu, wata tsohuwar Baturiya daga cikin baƙin ta zauna a dakali ta cire takalmi. Sabo ne, ya yi mata cizo har jini. Chizuru ta duba hagu ta duba dama, sannan ta nufo ubanta. Ya gyara kwat ɗinsa don murna.

"Baba, ka yi haƙuri," ta ce a hankali. "Ka kai ta gida ta huta. In mun sauko ni zan zo in ɗauke ta."

Ya ji ƙarshen maganar sarai, da kunnen da ya rage masa. Ya kama hannun matar kamar ƙwai.

Baƙo kuma ba a barinsa ya zauna baki a bushe. Ya kawo shayi. Ƙamshin miya ya cika ɗaki, matar ta kalli tukunya, ya zuba mata. Ta yaba da hannu, ya ƙara, don wanda ya yaba ƙara masa ake yi. Da ta ga hoton Fumie ta nuna tsoho, ta nuna hoton, ta dafa ƙirji. Ya rasa yadda zai yi, sai ya miƙa mata tsinken turare. Ta kunna, ta maka wa ƙararrawa duka.

Rana ta karkata, wayarsa ta yi ƙara. Chizuru ce. Wasu baƙi sun ɓace mata a kan tudu, sai yanzu aka gano su, lokaci ya ƙure. Ko zai taimaka ya kawo matar tasha? Ya ce ba komai. Ya ari amalanken kifin Tomi, ya shimfiɗa bargo, ya turo baƙuwa har bakin jirgi tana ɗaga wa mutane hannu.

Chizuru ta sunkuya za ta tallafo ta, sai ta tsaya cik. Ƙamshin turaren gidansu na jikin rigar matar.

"Wa ya kunna wa Mama turare?"

"Baƙuwarki. Ta buga ƙararrawa kamar gobara ta tashi."

Ta yi dariya, ta share ido da bayan hannu. Ana kiran sunanta daga kan matakala.

"Baɗi, Baba. In jirgin ya biyo ta nan."

Ya rusuna, bai ɗago sosai ba sai da jirgin ya ɓace bayan katangar tasha. Sannan ya mayar wa Tomi amalankenta. Ta ce ya ajiye ya tafi, ya ce sai ya wanke tukuna. Ya wanke, ya ɗauraye, ya koma kan ƙafafun amalanken yana goge su ɗaya bayan ɗaya, don har yanzu bai haɗa abin da zai faɗa wa Fumie a gaban hotonta ba. Tomi ta buɗe baki za ta tsokane shi, sai ta fasa, ta ƙaro masa ruwa a bokiti.