Abu Ramiz da Gangar Alhamis

Duk wanda ya taɓa zama a benenmu na unguwar Mina, a Tarabulus, da abu biyu ya san Abu Ramiz: warin kananzir da faɗa da talabijin. Kananzir ɗin na sana'a ne. Risho yake gyarawa, da fitilar aci-balbal, a wani ɗan lungu ƙarƙashin matakala da ko miƙe ƙafa ba ya iya yi a ciki. Faɗan kuwa na ranar Alhamis ne bayan magariba, lokacin da ake juya ganga.

Sunansa na gaskiya Jirjis, amma tun da aka haifa masa Ramiz babu mai kiransa da shi sai matarsa Wadad, ita ma sai ya kai ta bango. Daga wani ƙauyen kan dutse ya sauko yana saurayi, da hular ulu da taurin kai. Hular ta yage tun ban zo duniya ba, taurin kan kuwa da shi aka binne shi. Ni a hawa na biyu na tashi, su suna na uku, kuma Ammu, wato baffa, nake ce masa kamar yadda duk 'ya'yan benen suke faɗa.

Shirin yana da sunansa na hukuma, mai tsawo, amma mu Gangar Alhamis muke ce masa. Wata ƙatuwar ganga ce ta gilashi cike da ƙwallaye masu lamba. Ustaz Anis, mai gabatarwa, zai fito da baƙar kwat da gashi mai sheƙi, ya ce, "Barkanku da yamma, ya ku masu rabo," sai a saki kiɗa, a juya ganga, wata yarinya da aka ɗaure wa ido ta zura hannu ta ciro ƙwallo shida. Shi ke nan shirin. Amma wallahi rabin garin nan sai ya ajiye cokali ya zauna a kansa.

Tikiti ɗaya benenmu yake saya, na haɗin gwiwa. Kowace Laraba Wadad za ta zuro kwando da igiya daga baranda, mai tikiti ya sa takardar a ciki, ta ja sama. Lambobin ba su taɓa canzawa ba: ranar aurensu, ranakun haihuwar 'ya'yansu uku, lambar benen, da lamba goma sha bakwai da Wadad ta gani a mafarki a jikin kifi. Ba mu taɓa cin babban rabon ba. Sau ɗaya uku suka fito, muka sayi alewar baƙalawa da abin da aka samu, muka ƙara da namu.

A falonsu ake kallo, tun zamanin da su kaɗai ke da talabijin. Hajja Badriyya ta hawa na huɗu takan sauko da carbinta, tana shigowa tana cewa, "Ni dai kun san ba na sa ko lira ɗaya a caca, haramun ce. Rigar yarinyar na zo gani." Tana zama kuwa ita ce za ta fara ihun lamba. Mitri direban tasi yakan zo da ƙullin 'ya'yan kankana soyayyu, ya ɓare ya cika tabarma da ɓawo. Shi Mitri ya taɓa ɗaukar Ustaz Anis a motarsa, sau ɗaya tak, tun daga ranar kuwa ko uwarsa ba ya karewa kamar yadda yake kare shi.

Abu Ramiz kuma yana da magana ɗaya da ya riƙe shekara da shekaru.

"Firji," yakan ce, yana nuna talabijin da baƙin yatsansa. "Ƙwallayen da suke so a firji suke kwana. Yarinyar ta ji sanyi sai ta ciro. Ku dubi yadda take goge hannu a riga."

"Haba Abu Ramiz, mutumin nan ɗan mutunci ne," in ji Mitri. "Na gan shi ido da ido. Ko canjinsa bai karɓa ba."

"Ai dole ya bar maka canji, ɓarawo ba ya ƙirga kuɗi. Mutumin da ke rina gashi da man takalmi, me zai hana shi rina lamba?"

"Gashin Allah ne."

"Kai ma gashin Allah ne da kai, ina yake?"

Mitri mai sanƙo ne, kuma kowane mako sai ya faɗa wannan ramin. Hajja Badriyya ta sa baki da cewa wuyan rigar ya yi ƙasa, Allah ya shirya. Ana cikin wannan hayaniya sai Wadad, da tikiti a cinya da tabarau a ƙarshen hanci, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Jirjis, rufe mana baki in ji lamba." Sai ya yi shiru har ƙwallo ɗaya ya fito, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Ko a shekarun yaƙi ba mu fasa ba. Idan harbi ya yi yawa mukan koma ƙarƙashin bene, shi kuma ya ciro batirin tasin Mitri ya jona wa wata 'yar talabijin mai baƙi da fari. Ina ƙarama lokacin. Na tuna ƙura tana zubowa daga rufi, uwata tana rufe mini kunne, Abu Ramiz kuma yana tsaye yana rantsuwa cewa ko wuta babu a ƙasar, firjin Ustaz Anis yana aiki. Muka yi dariya har da masu kuka. Ina kewar wannan ɗakin mai duhu, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Shekaru suka ja. 'Ya'yansu suka watse, Ramiz a Ostareliya, 'yan matan biyu wajen mazajensu a ƙasashen da ba a zuwa sai da biza. Tukunyar gas ta kashe kasuwar risho, amma matsalar wuta ta dawo masa da masu fitila, don haka bai taɓa rufe lungun nan ba. Sai mantuwa ta kama Wadad. Da farko gishiri take sawa sau biyu a miya. Daga baya ta fara tambayar yaushe babanta zai zo ya tafi da ita gida. Wata safiya na hau kai musu burodi, na tarar ta ja kujerarta can nesa da shi, tana ce mini, "'Yata, wannan bawan Allah tun jiya yake zaune a nan. Ba shi da iyali ne?"

Ya yi mini alama da ido in yi shiru. Ya ce mata, "Yanzu zan tafi, ranki ya daɗe. Ci abincinki." Ya sauka lungunsa, na ji yana ta bugun risho da babu abin da ya same shi.

Amma Alhamis tana nan. Ana sakin kiɗan nan, Ustaz Anis ya fito da gashinsa, gardama ta ɓarke, sai ka ga idon Wadad ya dawo. Ta lalubi tabarau, ta ce, "Jirjis, rufe mana baki in ji lamba." Daga nan har a gama shirin, wani lokaci har a kwashe kofuna, matarsa ce. Ta tambaye shi ko ya ci abinci, ta yi masa faɗan warin kananzir, ta gyara masa kwalar riga. Sauran kwana shida baƙo ne a gidansa, yana jiran wannan ɗan lokacin. Mu duka, har shi, mun ɗauka kiɗan ne da fuskar Ustaz Anis suke dawo da ita.

Sai aka sanar cewa Ustaz Anis zai yi ritaya. Ganga ma za a ɗauke ta, a kawo injin da ke hura ƙwallaye da iska, babu hannun kowa. Sabon kiɗa, sabuwar mai gabatarwa, wata yarinya mai suna Rula.

Garin ya ɗauka. A gidan burodi wasu na cewa an daɗe ana jira, tsohon nan haƙoransa ma motsi suke in ya ce "masu rabo". Mai kifi ya ce shi kam ya daina saye, injin da ba shi da ido ba ya jin kunyar kowa. Matasa a waya suna ta yaɗa hoton gashinsa suna dariya. Mitri ya ɗaura baƙin ƙyalle a madubin tasi. Hajja Badriyya ta ce in dai sabuwar za ta sa riga mai hannu, ita ba ta da ja. Kowa ya faɗi nasa, sai mutum ɗaya da ya kwashe rabin rayuwarsa yana neman a kori Ustaz Anis. Shi bai ce uffan ba.

Na same shi a lungu na ce, "Ammu, ka yi nasara, an kori ɓarawonka. Ba za ka yi murna ba?"

Ya daɗe yana goge gilashin fitila. Ya ce, "Nuhad, in suka ɗauke shi sun ɗauke ta. Wa zai ƙara kirana Jirjis?"

Ni da bakina ba ya mutuwa, ranar sai na haye sama na yi kuka a kicin.

Alhamis ɗin farko ta sabon shiri muka hau kamar kullum, sai dai ba kamar kullum ba. Babu wanda ya shirya da wani, amma Hajja Badriyya ta zo da baƙaƙen kaya, Mitri ya aske gemu ya sa rigar zuwa coci, babu 'ya'yan kankana. Maimakon mu cunkushe a gaban talabijin, sai muka jera a jikin bango, hannu a gwiwa, muna magana ƙasa-ƙasa. Tausayi ne ya sa mu haka. Hajja ta shiga kicin ta dafa gahawa, ta fito da ita a ƙananan kofuna marasa mariƙi. Ina kurɓa na gane: baƙa ce, babu ko ƙwayar sukari, irin wadda ake rabawa a gidan rasuwa. Na harare ta, ta buɗe hannu, wai ita ma ba ta san lokacin da ta yi haka ba.

Aka saki sabon kiɗa. Rula ta fito tana murmushi, injin yana ta tafasa da ƙwallaye a bayanta. Wadad ta kalli talabijin kamar bango take kallo. Ta kurɓi gahawa, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya a jikin bango, ta gyara zama ta yi alamar gicciye.

"Allah ya ji ƙansa," ta ce. "Wa ya rasu?"

Ta juya ga mijinta, da ladabi irin na baƙuwa. "Kai ne mai rashin, bawan Allah? Allah ya ba ka haƙuri."

Na ga gahawar kofinsa ta ɗiga a wandonsa. Ya kafa wa talabijin ido don kada ya kalle ta. A daidai nan injin ya tofo ƙwallon farko, Rula ta ɗaga ta ce goma sha takwas. Tamu goma sha bakwai ce, ta kifin mafarki.

Ban san ko baƙin ciki ne ko tsohuwar al'ada ba, sai ya miƙe.

"Ƙarya ne! Kun gani? Da firji ne, yanzu kuma iska. Akwai ƙato a bayan labule da famfon keke, yana hura wadda aka biya shi. Ni za a gaya wa iska? Aikina ke nan tun kafin a haifi uwar yarinyar nan."

Mitri, da hawaye a fuska, bakinsa ya riga shi. "Ai da Ustaz Anis yana nan da ba a yi haka ba."

"Shi ya koya musu. Yana gida yanzu yana rina gashi yana karɓar kasonsa."

"Gashin Allah ne."

"Naka yana ina?"

"Kuma dubi hannun rigar," in ji Hajja Badriyya, "an ce mana mai hannu za ta sa. Wannan hannu ne ko igiya?"

Ni ma na tsoma baki, ban tuna me na ce ba. Falon ya cika da hayaniya har ba a jin Rula. A cikin wannan ne na ga hannun Wadad yana laluben tabarau a kan tebur.

"Jirjis, rufe mana baki in ji lamba."

Ya tsaya da yatsa a sama. A hankali ya zauna. Ta ɗora tabarau a hanci, ta duba tikiti, ta yi tsaki, sannan ta sake kurɓar kofin ta yamutsa fuska. "Wa ya dafa wannan abu? Sukari ya ƙare a gidan nan ne? Kai kuma dubi wandonka, kamar ƙaramin yaro." Ta ciro hankici tana goge masa gwiwa, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon hannunta. Ashe ba kiɗa take ji ba, ba kuma Ustaz Anis take gani ba. Muryar mijinta tana faɗa ita ce ta sani.

Daga ranar ya mayar da faɗan nan aiki. Tun Laraba zai fara tanadin zargi a lungunsa, har yakan tare ni a matakala ya ce, "Nuhad, in na ce maganaɗisu suke sawa a ƙwallayen, ya yi?" In ce ya yi, Ammu. Mitri ya ci gaba da miƙa sanƙonsa ana duka, Hajja ta koma zuba sukari har cokali ya tsaya. Wani makon Wadad ta dawo, wani makon ba ta dawo ba, amma bai taɓa rage murya ba ko da tari ya sarƙe shi. Haka muka yi damina biyu.

Ta rasu lokacin tsinkar zaitun, da safe, cikin barcinta. 'Ya'yan suka zo suka koma. Alhamis ɗin da ta biyo bayan tafiyarsu muka hau, don ba mu san inda kuma za mu je ba. Wannan karon gahawar baƙa ce da hujja. Abu Ramiz da kansa ya zura kwando ranar Laraba, tikitin yana kan kujerarta, tabarau ɗinta a kan tikitin.

Rula ta fito, injin ya tofo ƙwallo, ya sake tofo wani. Mitri ya gyara murya ya ce, "Da Ustaz Anis yana nan..." ya saurara yana jira. Abu Ramiz bai tanka ba har ƙwallo na shida ya fito.

"Yarinyar nan ta iya aikinta," ya ce. "Tun ranar farko na san haka. Injin ma lafiyarsa ƙalau."

"To Ammu," na ce, "yau babu famfon keke?"

Ya ɗauki tabarau ɗin ya ninke, ya sa a aljihun rigarsa.

"In na fara, wa zai ce in rufe baki?"