Hoton Inna da taɓaryarta

"A cire taɓaryar nan, a sa mata leshi da sarƙa," in ji Goggo Rabi, tana miƙa wa mai hoto wayata a shagonsa da ke unguwar Gounghin.

Hoton Inna muka je a faɗaɗa, in rataye shi kusa da diplom ɗina na kammala karatu, tunda Allah bai nufa ta ga ranar da na karɓe shi ba.

Na bincika wayoyin gidanmu kaf, babu hoto ko ɗaya da take zaune. Ko tana dakan gero, ko tana dama furar sayarwa. Haka take tun a ƙauye, inda ta yi noma ita kaɗai bayan rasuwar Baba, kafin ta kwaso mu zuwa unguwar Zongo a birni.

Na ce, "Goggo, Inna ba ta taɓa mallakar leshi ba."

"To sai me? So kake baƙi su ga uwar mai diplom da gumi a goshi? Ka bar ta ta huta mana, ko a bango ne."

Kafin in amsa, mai hoto har ya ɗora fuskar Inna a jikin wata mata mai zobba. Hannuwa sumul, babu kanta ko ɗaya. Raina ya ɓaci. Waɗannan hannuwan ba su suka rene ni ba.

Na ce ya mayar mata da taɓaryarta. Goggo ta koma gida cikin fushi.

Hoton yana bango yanzu. Hannun ya ɗan yi dishi-dishi, don ba ta tsaya an ɗauka ba.

Ku faɗa mini gaskiya, wa ya kyauta mata, ni ko Goggo?