Takobi Mai Fitila

Shekarar da aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa, shaguna a rufe, na wuni a ɗakin maƙwabcina a unguwar Dilimi. Tsohon ma'aikacin wutar lantarki ne, haifaffen unguwar Kabong. A lokacin idona ya fara gardama da ni. Ɗigon harafi sai ya zama biyu a takarda. Ban gaya wa kowa ba, don da rubutun hannu nake ci da iyalina.

Maƙwabcin nawa ya kunna talabijin, ana wasan takobi, sai ga mutum biyu cikin fararen kaya, fuska a rufe da raga, kowa da siririn takobi kamar tsinken tsire, ga waya ɗaure a bayansa. Suka zabura. Kafin in gyara zama, jar fitila ta kama, ɗaya ya yi ihu.

Na ce, "Me ya faru?"

Ya ce, "Ya taɓa shi, Malam."

"Wa ya shaida?"

"Fitila mana."

Ya bayyana mini cewa da can alƙalai ne ke tsayawa su duba da ido. Yanzu an sa wa bakin takobin maɓalli, da ya taɓa jiki sai fitila ta kama. Ban gamsu ba. Shaidar da ba a iya rantsar da ita, ina amfaninta? Kuma waya ai tana da ƙarshe, wani na zaune a can.

Na ce, "Oga, ku da kuke ɗauke mana wuta, ku ne za ku ce in yarda da waya?"

Ya yi dariya har da tari.

Suka sake karawa, na zuba ido sosai. Wallahi ban ga takobi ya kai ba, amma fitila ta kama. Na ce maguɗi ne. Sai aka maimaita a hankali, aka kawo hoton kusa. Ga takobin nan ya lanƙwashe a ƙirjin mutumin.

Na ce, "Na fari ko na biyu? Takubba biyu nake gani."

Ya rage sautin talabijin, ya juyo.

"Malam, ɗaya ne. Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

Da gari ya lafa, shi ya goya ni a babur zuwa asibitin ido. Can ma na'ura suka sa ni in leƙa. Na tambayi likitan wa ke riƙe da wayar na'urar, sannan na yi bisimilla na ɗora haɓata.