Mai Tabarau da Ɗakin Jiragensa

Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, abokinmu Tela ya kira ni a waya. Da na ɗauka bai ko gaishe ni ba, ya ce, "Direba, rai ya yi halinsa. Mai Tabarau ya tafi." Na daɗe zaune da wayar a kunne bayan ya kashe. Mai Tabarau, duk mun san ba ka da lafiya, mun kuma ga yadda ciwon ya yi ta cin jikinka tun ƙarshen bara, amma sanin bai rage mini komai ba. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma, kai dai ka riga mu ne.

Ni ba mutumin alƙalami ba ne. Tirela na tuƙa rabin rayuwata, kuma bakina ya fi sabawa da yi wa masu babur tsawa. Amma tun ranar nan mutane ke ta faɗin alherinka na gaban shago, ni kuwa abin da na fi sani a kanka a ɗakin baya ya faru. Idan ban faɗa ba, ban san wanda zai faɗa ba.

Na gaban shagon ma ba kaɗan ba ne. Duk wanda ya taɓa wucewa ta layinku ya san kantarka ta gilashi, da ɗan murhun nan na lantarki da kake gasa ƙafar tabarau a kai kafin ka lanƙwasa ta. Ba ka iya ganin karkataccen tabarau a fuskar mutum ka yi shiru. Na sha ganin ka tsayar da baƙo a bakin titi, ka ce, "Bawan Allah, ara mini minti ɗaya," ka zare masa shi daga hanci, ka miƙe shi, ka mayar. Akwai wata dattijuwa da ta ɗaure nata da zare, ta ce ita dai a bar mata abinta, na marigayi mijinta ne. Ba ka matsa mata da sabo ba. Ka zazzage gwangwanin tsofaffin kusoshi a kan tebur, ka yi ta tonawa har ka sami wadda ta dace.

Maiɗakina ce ta kai ni wurinka, kusan da jan hannu. A lokacin na fi shekara da yin hatsari. An ɗaure mini ƙashin wuya da ƙarfe, ba na iya juya kai sai ɗan kaɗan, idon hagu kuma ya tafi gaba ɗaya. Likita ya ce a yi mini tabarau don a kare wanda ya rage. Tuƙi ya ƙare, wannan na haƙura da shi. Abin da ban iya haƙura da shi ba shi ne titi. Duk lokacin da na fita sai wani abu ya ɓullo mini ta hagu, ko keke, ko ƙofar mota, ko kafaɗar mutum, in ba da haƙuri, in dawo gida ina huci. Sai na daina fita. Na zauna a ɗaki, na sa labule, na zama mutumin da 'ya'yansa ke rage murya idan za su wuce ƙofarsa. Maiɗakina ba ta faɗa ba, amma na san tsoronta kada in ƙare a wannan ɗakin.

Ranar nan na yi maka rashin mutunci, ka kuma shanye. Kana sauya mini gilashi a gaban ido kana tambaya, "Wannan ya fi, ko wannan?" ni kuwa ina ce maka duk ɗaya ne, ka ba ni kowanne in tafi. Da ka ji aikin da na yi a da, sai ka ajiye kayanka, ka ce wa maiɗakina, "Uwargida, ki ba ni aron mijinki, ina neman direba." Ka buɗe wata ƙofa a bayan kanta.

Ɗaki ne ƙarami mai taga ɗaya. Dogon katako a jikin bango, kwamfuta huɗu a jere, kowace da kujerar tsohuwar mota a gabanta da sandar tuƙi da ka ɗaure da kusa. A kan allon akwai ɗakin matuƙin jirgin yaƙi, irin na da mai farfela, da agogunansa da murfinsa na gilashi. A saman kowane allo ka liƙa 'yar kyamara, a kan kujera kuma hula mai ƙananan fitilu. Idan mutum ya sa hular ya juya kai, hoton sai ya juya tare da shi, kamar yana leƙe ta tagar jirgin. Na ce maka, "Haba Malam, da furfurarka?" Ka yi dariya ka ce furfurar Tela ta fi taka, kuma shi ya fi kowa ihu idan an harbo shi.

Kowace Asabar bayan la'asar ake haɗuwa: kai, da Tela, da Mai Kemis. Kujera ta huɗu babu kowa tun da maƙwabcinku ya tashi daga unguwar. Biyu-biyu ake tashi, ɗaya a gaba yana neman abokan gaba, ɗaya a baya yana tsaron bayan ɗan'uwansa. Ka ce ni zan tsare naka. Ka kuma yi mini bayani cewa a wannan wasa harbi ƙaramin aiki ne, babban aikin waiwaye ne. Na dube ka da ido ɗaya da sandararren wuya, na ce lallai mutumin nan ya iya zaɓen ma'aikaci.

Abin da ban sani ba shi ne, kai ba tashin jirgin ne ya fi burge ka ba. Saita wa mutum inda zai duba, nan daɗinka yake. Wasan yana barin a matsar da idon matuƙi sama ko ƙasa, gaba ko baya, a faɗaɗa abin da ake gani ko a matse shi, a kuma ajiye wa kowane madanni nasa kallon. Yawancin mutane yadda suka tarar haka suke bari. Kai kuwa ka ɗauke shi kamar aikin kanta. Tela gajere ne, ka ɗaga masa ido har ya hango hancin jirgi. Mai Kemis ba ya ganin ƙananan lambobi, ka sa masa madanni ɗaya da ke kusanto masa da agogon mai. Kowa da nasa, kuma ba ka yarda wani ya zauna a saitin wani.

Ni nawa ya ba ka wuya. Dabararka ta farko ita ce ka ƙara wa hular ji, yadda ɗan motsin da wuyana zai iya zai juya hoton har baya. A magana abin ya yi kyau. Amma kaina yana ɗan rawa tun bayan hatsarin, rawar da ko ni ban lura da ita ba, ita kuwa kyamarar ba ta san kara ba. Ina tashi, sama da ƙasa suka dinga wulwulawa. Ban kai ga ganin jirgin kowa ba na cire hular, na nemi bokiti. Tela ya yi dariya har da hawaye, ya ce ga matuƙin da ya harbo kansa da kansa. Kai ba ka yi dariya ba, ka tsaya kana kallon ƙeyata kamar mai awon gilashi.

Ka rage jin hular, jirin ya tafi, sai dai hagu ta koma yadda take. Asabar bayan Asabar ana harbo ka, kuma kullum ta hagu, kullum ina bayanka ban ga komai ba. Mai Kemis ya kawo shawarar a yi musaya, shi ya tsare ka. Da gaskiyarsa. Ni ma na ce haka, na ƙara da cewa na gode, amma wannan wasan na masu ido biyu ne, ba zan sake zuwa ba. Ka ce, "Ba kai ne ka kasa ba, ni ne ban gama aikina ba. Ka taɓa ganin na sallami mutum da tabarau bai zauna ba?" Na tafi gida na sa labulena.

Ranar Talata sai ga ka a ƙofar gidana, ka rufe shago da rana tsaka. Ba ka yi mini wa'azi ba, ba ka kuma ce in yi haƙuri ba, kalmar da na riga na ƙoshi da ita. Tambaya ɗaya ka zo da ita: a tirela, da wane irin waiwaye nake ganin bayana? Na ce wane waiwaye? Mai tirela ba ya waiwaye, bayan kansa bango ne. Madubi yake kallo, ido kawai yake jefawa, dama, hagu, gaba, ba tsayawa. Ka buga cinyarka ka ce, "To ai ni ne na yi ta koya wa direba aikin da ba nasa ba!"

Abin da ka yi daga nan har yau yana ba ni mamaki. Ka cire mini hular gaba ɗaya. Ka ɗauki madannai biyu da ke ƙarƙashin babban yatsana a kan sandar, ka mai da su madubai: in danna wannan in ga bayan fiffiken dama, in danna wancan in ga na hagu, in saki in dawo gaba. Ka zaunar da ni kana matsar da hoton kaɗan-kaɗan har kowanne ya tsaya daidai inda madubin motata yake nuna mini ƙarshen bodi. Sannan akwai ƙarfen da ke riƙe da murfin gilashin, wanda ke tare wa kowane matuƙi wani yanki na sama. Ka yi ta gusar da idona a cikin ɗakin matuƙin har ƙarfen nan ya koma can gefen hagu na allo, inda dama ba na gani. Ka ce tunda dole wani abu ya tare, gara ya tare inda aka riga aka yi asara.

Asabar ɗin da ta biyo baya yatsana ya tuna aikinsa tun kafin ni in tuna. Dama, hagu, gaba. Can sai ga ɗan ɗigo baƙi yana saukowa ta hagunka. Na ƙwala ihu, "Malam, karya dama!" har Mai Kemis ya zubar da shayinsa. Ka karya, harsashin ya wuce ta inda ka bari. Ban harbo kowa ba a ranar, amma ka sauka lafiya, karo na farko tun da na zauna a kujerar nan. Wasa ne, na sani, hoto ne a kan allo. Duk da haka da na isa gida na ci abinci a tsakar gida tare da yara, maiɗakina ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Daga nan ka fara biyo mini. Da farko Asabar kawai, mu taka zuwa shago. Daga baya ka ce likita ya sa ka tafiyar ƙafa, kana neman abokin hira, sai ya zama kusan kullum da safe: mu bi ta bakin kasuwa, mu tsallaka babban titi, mu dawo ta wajen masu walda. Shekara uku muna haka. Na koma mutum. Na sami aikin kula da shige da ficen motoci a wani gareji, na je bikin 'yarka babba na zauna cikin jama'a. Na ɗauka idona ne ya saba, har ina yi wa mutane alfahari cewa titi ya daina ba ni tsoro.

Da ciwo ya kwantar da kai na ci gaba da fita ni kaɗai, sai tsohuwar matsalar ta dawo. Na yi karo da mai tura baro. Na bugi madubin wata mota da kafaɗa. Shekaranjiya, a hanyar dawowa daga gidanka, wani mai keke ya kusa kwashe ni, Tela ne ya fizgo rigata. Na ce masa ina jin baƙin ciki ya taɓa mini idon da ya rage, zan je a duba.

Tela ya tsaya ya dube ni. Ya ce, "Idonka lafiyarsa ƙalau, Direba. Kai ba ka taɓa lura da gefen da yake tafiya ba?"

Na lura mana. Kullum kana haguna, har na taɓa yi maka mita cewa kana sa ni juya jiki duka kafin in ga fuskarka, ka ce ɗabi'a ce kawai. Tela ya ce daga shagonsa yake hango mu kowace safiya. Ya ga kana ɗaga wa masu babur hannu ta bayana. Ya ga kana kawar da kwali da ƙafa, kana rage tafiya don in rage ba tare da ka ce komai ba. Ya ce akwai ranar da ƙarfen wani mai walda ya yage maka hannun riga har ya ji maka ciwo, ka sa hannun a aljihu ka ci gaba da ba ni labari. Ka roƙe su shi da Mai Kemis kada su gaya mini, wai idan na sani zan daina yarda da ƙafata. Duk wannan a gefen da ba na gani ka yi shi, shekara uku, ban taɓa ce maka na gode ba domin ban san akwai abin godiya ba.

Na yi kuka a bakin titi, ban ji kunyar kowa ba. Jiya da safe maiɗakina ta tsaya a ƙofar ɗaki tana satar kallona, ta ga ko zan jawo labule. Na sa takalmina na fita. A hankali na tafi, ina tsayawa ina juya jiki duka kafin in tsallaka, na kuma bugi wani abu sau ɗaya. Amma na je, na dawo, yau ma na je. Ba zan mayar maka da aikinka baya ba, Malam.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata maka makwanci Ya haskaka shi. Yadda ka tsare wa bawanSa gefen da ba ya gani, Allah Ya tsare ka daga duk abin da kake tsoro, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka, wadda ta yi haƙuri da hayaniyarmu ta kowace Asabar, da 'ya'yanka da jikokinka da 'yan'uwanka, da Tela da Mai Kemis, da duk wanda ke yawo yau da tabarau da hannunka ya miƙe. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya albarkaci abin da ka bari, mu kuma idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.