Sunan Da Ya Dafa Mana Ƙwai

Edita, a ba ni fili in amayar da abin da ya daɗe yana cin raina. Lokacin da abin ya faru ina zaune a Tudun Wada da mijina da 'ya'yana, ina riƙe da difloma da ba ta samo mini aiki ba, kuma ni ce sakatariyar ƙungiyarmu ta mata masu kiwon kaji. Ina da rawar kai, ban musa ba, amma ban taɓa wasa da amanar kowa ba. Ƙungiyar tamu haɗaka ce, Musulmi da Kirista. Ranar da za a raɗa mata suna kowace ta kafe sai an sa kalmarta, wannan ta ce haɗin kai, waccan ta ce zaman lafiya, wata albarka, wata sunan unguwa. Don kada ran kowa ya ɓaci aka jera su duka, sunan ya yi tsawo kamar layin gidan mai.

Shugabarmu dattijuwa ce da muke kira Mama. Ɗanta ya karanci kwamfuta, yana da shago a Nasarawa Gwom inda yake haɗa injin ƙyanƙyasa, shi ne kuma yake rubuta manhajar da ke sarrafa zafinsa. Ya haɗa mana ɗaya, aka ajiye a gidana saboda muna da sola. Kowace ta kawo ƙwan kajinta. Wata maƙwabciyata da mijinta ya rasu har Vom ta je ta samo ƙwan iri mai kyau, da shi take fatan tayar da kiwonta. Injin yana da ɗan allo da wurin rubuta sunan mai shi. Na zauna cike da alfahari na danna sunan ƙungiya kaf, ban bar kalmar kowa ba. Injin ya karɓa bai ce uffan ba, koriyar fitilarsa tana ci kamar kullum.

Lokacin ƙyanƙyasa ya zo ya wuce, ko kukan ɗan tsako ɗaya ba mu ji ba. Da aka fasa ƙwan, duk sun mutu a ciki, zafi ya gasa su. Daga nan bakin mata ya buɗe. Wasu suka ce na kashe injin don in yi guga da wutar, wasu suka ce na sayar da ƙwan kirki na zuba ruɓaɓɓu. Baƙin ciki ya hana ni cin abinci, na ɗora injin a keke na kai wa ɗan Mama, na ce ba zan tashi ba sai ya gaya mini gaskiya.

Ya jona shi da kwamfutarsa, ya daɗe yana kallo, sai na ga ya dafe kai. Ya kira ni anti cikin sanyin murya, ya ce a ƙwaƙwalwar injin gurbin harafi goma sha shida kawai ya ware wa suna. Umarnin da ya sa ya riƙa kwafe sunan zuwa gurbin ba ya auna tsawo, zubawa kawai yake yi har sai ya kai ƙarshen rubutun. Daf da gurbin kuwa akwai lambar da ke faɗa wa injin zafin da zai tsaya a kai. Haruffan da suka yi yawa sun malala sun hau kan lambar sun canza ta, injin ya bi sabuwar lamba, shi ya sa fitilar ba ta nuna matsala ba. Ya ce layi ɗaya na umarnin auna tsawo kafin kwafewa ya isa ya hana wannan, amma da sunan shagonsa kaɗai ya gwada, bai zaci akwai mai suna haka ba. Na fito ina hamdala, na ɗauka an wanke ni.

A wurin taron ƙungiya sai ya faɗi rabin maganar. Ya ce injin lafiya ƙalau yake har sai da aka cusa masa dogon rubutu. Gurbin da ya ƙuntata da awon da bai yi ba, ko ambatonsu bai yi ba. Mama ta juyo ta tambaye ni wa ya aike ni taɓa abin da ban sani ba. Matan da kowace ta yi rantsuwa sai kalmarta ta shiga sunan, su ne suka zuba mini ido suna taɓe baki. Na yi ta bayani, amma wa zai saurare ni a kan ɗan Mama mai digiri? A ranar aka karɓe sakatarcin. Daga baya na ji ya gyara manhajar a ɓoye, injinansa yanzu suna ƙin dogon suna, kasuwarsa tana ta ci.

Abin ya koya mini cewa shirun na'ura ba shaidar lafiya ba ne. Ku masu rubuta manhaja, ku ji tsoron Allah, ku auna rubutu kafin ku zuba shi a gurbi, idan ya fi ƙarfin wurin injin ya ƙi karɓa ya faɗa. Kada ku yanke wa mutane tsawon sunansu daga cikin shagonku. Idan kuma kun yi kuskure ku faɗe shi a gaban jama'a, domin kan wani yake faɗawa. 'Yan'uwa mata, kada ku karɓi ajiyar na'ura sai da shaida a kan abin da za a taɓa. Shi ɗan Mama ya gyara nasa da layi ɗaya. Ni kuwa har yau idan na gai da maƙwabciyata a bakin famfo, sai ta ɗauki bokitinta ko bai cika ba.