Jarka Mai Ganyen Darbejiya

A ƙauyenmu, can gefen Kunci, famfon tuƙa-tuƙa ɗaya ne tak, kuma jarkoki ne ke tsayawa a layinsa. Ka kawo taka ka ajiye a bayan ta wani, ka tafi harkarka. In layi ya zo kanta ba ka nan, wanda ke kusa ya cika maka ya tura ta gefe. Jarka ɗaya ce ba ta bin layi, wadda aka soke wa ganyen darbejiya a mariƙinta. Wannan ta gidan jego ce. Mai jego sai ta yi wankan ruwan zafi safe da yamma har arba'in, don haka komai tsawon layi, da an hango ganyen nan sai a matsa mata. Ban taɓa jin wanda ya kafa dokar ba, ban kuma taɓa ganin wanda ya karya ta ba.

A kan wannan layin na rubuta kundin digirina na biyu, kuma a kansa na kusa rasa digirin.

Lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata a Minjibir, inda nake aure. Daga can nake bin mota zuwa jami'a a birni. Fannin da na ɗauka shi ne lissafin da ake ɗorawa a kan al'amuran yau da kullum, a cikinsa kuma na zaɓi lissafin layi: yadda mutane ke zuwa, yadda ake sallamarsu, da tsawon jiran da kowa ke yi. 'Yan ajinmu wasu banki suka nufa, wasu gidan mai, wasu asibiti. Ni na ce famfon garinmu. Malamin da ke duba aikina, dattijo ne mai sanyin hali, ya dube ni ta saman tabarau ya ce in dai layi ne ai layi ne, in je in fara.

Na fara da tsohon ciki. Duk hutun makaranta ina gida, ina zaune a gindin wata tsamiya da agogo a hannu, ina lura da zuwan jarkoki da tafiyarsu. Tsofaffin garin suka sa mini suna mai gadin famfo. Wata gwaggona ta ce ita dai ba ta taɓa jin karatun da ake yi da kallon jarka ba, in haka ne ita ta daɗe da zama farfesa. Na bar su da dariyarsu, don ni ma abin yana ba ni dariya.

Haihuwar fari ce, saboda haka a gida na yi wanka. Inna, da ciwon gwiwarta, ita ce ta riƙa karyo darbejiyar bayan gida tana soke wa jarka, ta nufi famfo tana ɗingishi. Kafin wuta ta kama sosai a ƙarƙashin tukunya ta dawo. Ni 'yar fari ce, ba ta faɗin sunana, kuma ba ta taɓa zaunar da ni ta ce tana sona ba. Amma na ga wannan tafiyar tata safe da yamma.

Da na koma kan aikin, da goyo a bayana, sai lissafin ya ƙi zama lafiya. Ƙa'idar da ke cikin littattafanmu mai sauƙi ce: wanda ya riga zuwa shi ke riga ɗiba. Da ita, a shafi ɗaya ka gama. Da na sa jarka mai ganye a ciki, sai abin ya yi rassa, sai da na haɗa da kwamfuta. Na sha wuya, amma na fito da abin da har yau nake alfahari da shi. In ka haɗa jiran kowa da kowa ka raba daidai, al'adar ba ta ƙara komai ba, ba ta rage komai ba. Jiran yana nan yadda yake. Abin da ta yi kawai shi ne ta ɗauke shi daga kan mai jego ta yayyafa wa sauran gari, kowa ɗan kaɗan. Na ba wannan sakamakon babi guda cur, babi na huɗu.

Ranar kare aikin a gaban malaman sashe, akwai wani farfesa da kowa ke shakka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ai ni da bakina na rushe aikina. Tunda matsakaicin jira bai canja ba, ganyen nan ado ne kawai. A cire babin, a bi ƙa'idar littafi, amsa ɗaya za a samu. Ya ƙara da cewa nan sashen lissafi ne, in labarin al'ada nake son bayarwa, akwai masu wannan a wani ginin. Aka yi dariya, har da 'yan ajinmu.

Raina ya ɓaci sosai. Malamina yana yi mini alama da ido in yi shiru, na yi kamar ban gani ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, matsakaici ba ya faɗin wa ya yi jiran. In an cire babin nan, lissafin zai ce mai jego da saurayi mai ƙarfi duk ɗaya ne a bakin famfo. A garinmu ba ɗaya ba ne. Ba zan sa hannu a kan layin da babu shi ba."

Farfesan ya ce to, zaɓi ya rage nawa: in cire in wuce tare da 'yan ajina, ko in bar shi in jira zama na gaba, baɗi.

A ofis malamina ya yi ta lallashi. Ya ce in karɓi takardata tukuna, in na zama wata aba na rubuta abin da na ga dama, babu mai hana ni. Na san don Allah yake faɗa, kuma na san abin da jiran yake nufi: wata shekarar ta bin motar Minjibir da yarinya a cinya, da ƙarin girman da zan gani ya wuce ni a makaranta. Maigidana ya ce shi dai ba ya gane rigimar, amma ya san in na kafe ba mai ture ni, in yi abin da zan iya kwana da shi. Na ce wa malamina a sa ni baɗi.

'Yan ajinmu suka sa rigar kammalawa, suka turo mini hotuna. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Da na share hawaye na buɗe babi na huɗu na ƙara masa ƙarfi. Abin da a da kwamfuta ce kawai ta nuna, na zauna na tabbatar da shi da hujja, mataki bayan mataki, yadda duk mai son cire shi sai ya fara nuna mini inda na yi kuskure.

Da zama na gaba ya zo, farfesan yana nan a kujerarsa. Ya juya shafukan babin a hankali, ya tsaya a wuri biyu ko uku, ya yi tambaya, na amsa. Bai ce ya yarda ba, ni ma ban nemi ya ce ba. Ya dai ce har yanzu yana ganin wahalar ta fi amfanin yawa. Suka ba ni maki na tsaka-tsaki, suka sa hannu. Babin yana nan yadda na rubuta shi.

Na kai wa Inna kundin da baƙin bangonsa. Ba ta karatun boko, ta dai auna nauyinsa a hannu, ta tambaye ni abin da ya tsayar da ni shekara guda bayan sa'o'ina sun gama. Na gaya mata cewa aka yi in cire maganar ganyen darbejiya, na ƙi.

Ta shafa gwiwarta. Ta ce, "'Yar nan, su a can, in mace ta haihu, bayan layi take komawa?"

Na ce a takardarsu dai haka ne.

Ta miƙo mini kundin ta ce in adana shi inda gara ba za ta taɓa ba. Sannan ta tashi da ƙyar ta nufi darbejiyar bayan gida, don matar maƙwabcinmu ta sauka shekaranjiya kuma ba ta da kowa a garin.