Ƙarfen da ke Rataye a Tsamiya

Mun tashi daga unguwar Barade da asuba, ni da ɗan kawuna, garin Jalingo bai gama farkawa ba. Aikin kammala karatuna a kan tarihin wani ƙaramin cocin Presbyterian ne, a wani ƙauye gaba da Mutum Biyu. Abin da na samu a laburare bai cika shafi ɗaya ba, kuma malamin da ke duba aikina ya ce in kawo babin tarihi kafin Juma'a, in ba haka ba sai baɗi. Ni ba gwanin magana da baƙi ba ne. Shi ya sa na roƙi ɗan kawuna ya raka ni, domin shi ko bango ya samu zai ja shi da hira.

A tasha kuɗin mota ya sake tashi. Direba ya ɗora laifin a kan man fetur, ya kuma cusa mu kamar buhunan doya. Damina ta cinye titin a wurare da dama. A shingayen bincike ana leƙa fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Wani fasinja ya fara labarin shanun da suka shiga gona a wani ƙauye, sai motar ta yi tsit, shi ma ya bar zancen a tsakiya.

A Mutum Biyu muka karya da dafaffiyar masara da gyaɗa. Masarar ta yi zaƙi, har ɗan kawuna ya ce da ita ya kamata in yi bincike a kai. Ɗan acaɓar da ya ɗauke mu ya gaya mana cewa ƙauyen da za mu shi ne wanda aka yi zancensa a mota. Ya ce samarin garin da na rugar da ke gefensa sun daina gaisawa, kada mu bari yamma ta same mu a can.

Cocin ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti, kwanonsa ya yi tsatsa. A gabansa akwai tsamiya, an rataye mata tsohon ƙarfen ƙafar babbar mota. Garin shiru, kowa yana gona. Wata tsohuwa kaɗai muka tarar tana ɓarar gyaɗa a inuwa, ashe tana cikin dattawan ikilisiya. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ɗana, na san labarin tun daga tushe," in ji ta. "Amma a nan mutum ɗaya ba ya magana da bakin ikilisiya. Sai dattawa sun zauna. Ka dawo ran Lahadi."

Na ce, "Mama, Lahadi ta yi mini nisa."

"To, su ma gona ta yi musu nisa."

Na shiga cikin cocin don in duba ginin, kada in koma hannu wofi. Ina kallon bencina da azarar rufi sai na ji ƙarfen nan ya ɗauki ƙara, ana buga shi da sauri ba tsayawa. Ɗan kawuna ne. Ya ga kamar ƙararrawar makaranta ce, ya ce bari ya kira mini dattawan.

Ko da na fito, tsohuwar ta miƙe, gyaɗarta ta zube a ƙasa. Ta ce a garin nan ana buga ƙarfen a hankali ne don sujada. Bugu da sauri kuwa ma'anarsa an kawo hari.

Ba mu gama fahimta ba mutane suka fara ɓullowa daga gonaki. Mata suna kiran sunayen 'ya'yansu. Maza na riƙe da adduna da fartanya. Babu wanda ya tsaya tambayarmu. Samari suka kama hanyar ruga, sai ga mutanen rugar su ma sun taho a guje da sanduna, wani dattijo mai farin gemu a gabansu, wato Ardonsu. Ɓangarorin biyu suka tsaya a bakin filin coci suna kallon juna.

Tsohuwar ta karɓe guntun ƙarfen da ake bugun da shi daga hannun ɗan kawuna. Ta buga sau ɗaya, ta jira ƙarar ta mutu, ta sake bugawa. Haka ta yi ta yi. A hankali adduna suka fara sauka.

Ardo ya matso yana haki. "Mama, wa ya taɓa ku?"

"Ba kowa, Ardo. Baƙi ne daga Jalingo, hannunsu ya riga tambayarsu."

Ya dube mu, ya dubi samarin garin. "Na bar shanu ba mai tsaro na zo. Ku kuma da addunanku ina za ku?"



Dattawan sun riga sun hallara, sai suka zauna a gindin tsamiya, mu muna tsugune a gabansu. Wani ya ce a kore mu, ba labari ba komai. Wani ya ce a bar mu mu kwana mu ga abin da muka jawo. Na sunkuyar da kai, ina ganin shekara guda tana zame mini. Tsohuwar ce ta yi magana a ƙarshe. Ta ce yaran garin ma sun manta dalilin da ya sa Ardo ya zo, don haka a faɗi labarin kowa ya ji. Aka ɗaga hannu, masu yarda suka rinjaya.

Sun ba da shi tare, wannan na gyara wa wancan. Leburorin aikin hanya ne daga kudu suka fara sujada a gindin tsamiyar, 'yan gari suka bi su. Ƙarfen na motarsu ce da ta mutu a wurin. Ɗakin sujada na farko na ciyawa ne, wutar daji ta kama shi da yara a ciki, mahaifin Ardo da mutanensa suka fito da su. Tsohuwar na cikin yaran. Tun daga ranar aka yi alkawari, duk wanda ya ji bugu da sauri, ɗan coci ne ko ɗan ruga, ya taho ya taimaka. Ardo ya gyara musu wuri ɗaya, ya ce da rani aka yi gobarar, ba da kaka ba, suka yarda. Samarin suna tsaye a baya, sun saurara har ƙarshe.

Hukuncin ɗan kawuna shi ne ya dawo ran Asabar ya yi noma a gonar coci. Ya karɓa da sauri, abin da ban taɓa gani ba. Aka ba mu tuwon masara da miyar kuɓewa, matar Ardo ta aiko da nono.

Mun iso Jalingo ana kunna fitilu, kuma babin ya isa hannun malamina a kan lokaci. Na je neman wanda ya kafa coci ne, na dawo da sanin cewa abin da ya riƙe shi alkawari ne da ake iya mantawa idan an daina faɗinsa. Maganar gonar da shanu suka shiga ba ta mutu ba, amma da za mu bar ƙauyen na ga dattawa sun matsa wa Ardo wuri a kan benci.